Tambaya: laimar maganaɗisu ta sararin samaniya za ta iya tara hasken rana wuri ɗaya?

Ɗan_Sola_Gangare:

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da ruwa. Yau kwana huɗu ke nan rabonmu da ganin rana da kyau a Jos, daga safe sai yayyafi da hazo, kwastomomi sai kira suke wai oga batir ba ya cika, kamar ni ke riƙe da makullin hadari. Wata hajiya a Rikkos har cewa ta yi in zo in kwashe kayana tunda firijinta ya ƙi yin ƙanƙara, na ce Hajiya ki yi haƙuri watan Agusta ne, ni kaina mai haɗa solar da tocila nake shiga banɗaki.

To jiya da daddare ina kwance ina latse-latsen waya sai na ci karo da wani bayani a kan jirgin sararin samaniya da ba ya shan mai, wai maganaɗisu ake kunnawa a jikinsa, a hura masa wani abu da suke kira filasma, wai wata irin iska ce da ƙwayoyinta ke ɗauke da cajin lantarki, sai abin ya kumbura ya zama kamar wata ƙatuwar laima mai faɗin kilomita gommai wadda ido ba ya gani, iskar da ke fitowa daga rana kuma ta riƙa tura shi yadda iskar hadari ke fizgar laima a hannun mutum. Ni ba tafiyar ce ta tsaya min a rai ba. Tun muna yara muna ƙona takarda da gilashin ƙara girma, akwai wanda na ciro daga wata matacciyar kyamara har na huda wandon makaranta da shi na sha dukan da har yau ban manta ba. To in ɗan gilashin da bai wuce murfin kwalba ba zai tara rana har ya tada wuta, me zai hana a gyara siffar wannan laimar ta koma kamar gilashin, ta kwaso hasken kilomita 20 ko 30 ta zuba shi wuri ɗaya? Ba ta da nauyi, ba ta fashewa, ba sai an yi dakon gilashi zuwa sama ba. A saita ta kan wani fili can wajen Heipang a shimfiɗa fanel, ai an gama da maganar wuta a Filato.

Masana a taimaka. In shirme ne a ce min shirme ne ba na fushi, ni dai a haɗa min da dalili.

Abba_Bauchi_Road:

wslm. oga ni fa filasmar da na sani ita ce wadda muke kallon kwallo a gidan kallo, inci 55. in ka samu wadda take kawo rana a watan Agusta ka sa min guda daya bashi, karshen wata zan biya wallahi 😂

Baba_Mai_Rediyo:

Wa'alaikumus salam yaro. Jikana ne ke rubuta min, ni ido ya yi rauni. Tambayarka ba shirme ba ce, amma bari in gaya maka abin da na gani da idona a shago, na yi sama da shekara 40 ina gyaran rediyo da talabijin a wajen Taminus.

Lokacin talabijin mai ƙusumbi, in yaro ya ɗauki mayen ƙarfen da muka ɓalle daga bayan sifika ya kai shi jikin gilashin, nan take kala za ta rikice, fuskar mai karanta labarai ta koma kore da shuɗi, hoton ya karkace gefe guda. Sau nawa ana kawo min irin wannan, mai gida ya jingina ƙatuwar sifika da talabijin ya ce ta lalace, alhali ba abin da ya same ta. Dalili shi ne a cikin ƙusumbin nan akwai wata bindiga da ke harbo ƙwayoyin lantarki zuwa gilashi, su kuma mayen ƙarfe yana jansu. To wannan mayen ƙarfen dai, ka ɗauke shi ka kara a bakin tocila cikin duhu ka duba bango. Ko motsi hasken ba zai yi ba. Na gwada, yarana na shago sun gwada, har mun taɓa haɗa guda shida. Saboda haka in ana maganar maganaɗisu ne tsagwaronsa, ba ruwansa da haske, hanyar jirgi daban ta mota daban.

Amma akwai inda ni ma abin ya ɗaure min kai, shi ya sa ban ce maka a'a kai tsaye ba. Mu da muka tashi da gajeren zango mun san da asuba da dare za ka kamo Landan da Jamus da Amurka tar kamar a bayan gida suke, a mita 16 ko 19 ko 25, alhali tashar FM ta nan cikin gari in ka kama hanyar Abuja ka yi nisa kaɗan sai ta fara shashsheƙa ta ɗauke. Wanda ya koya min aiki ya ce akwai wani rufi can sama wanda ke maido da gajeren zango ƙasa, ya bugi ƙasa ya sake hawa, da haka yake ƙetare teku. Daga baya na ji an ce rufin nan shi ma filasma ne, kuma wai rediyo da haske 'yan gida ɗaya ne. To in filasma na iya lanƙwasa rediyo me ya hana ta lanƙwasa ɗan'uwansa? Nan ilimina ya tsaya. Akwai wata 'yata malamar makaranta da ke leƙowa nan, ita za ta ƙarasa.

Malama_Fizis_Bukuru:

Baba Allah ya ƙara girma da lafiya, ai kun riga kun yi rabin aikin, gwajin tocilar nan ma gobe zan sa 'yan aji biyar su yi.

Ƙanena mai sola, abu na farko da ke rikita mutane shi ne laimar iri biyu ce kuma abinci daban suke ci. Akwai ta haske, wannan leda ce siririya da aka shafa wa alminiyom, hasken rana da kansa ne ke tura ta. An riga an harba irinta ta yi aiki, Japan sun harba IKAROS a 2010, faɗinta mita 14 kowane gefe, ta nufi wajen Zara matar wata, sannan ga LightSail 2 a 2019. Sai kuma wadda ka karanta, ta maganaɗisu. Ita ba ta san da haske ba ma, abin da take tarewa shi ne iskar rana, wato ƙwayoyin furoton da ilektiron da rana ke fesowa da gudun kusan kilomita 400 a sakan ɗaya. Dana Andrews da Robert Zubrin ne suka kawo tunanin a 1988 da ƙaton zoben waya, sai wajen 2000 Robert Winglee na Jami'ar Washington ya ce maimakon dakon waya a yi ɗan ƙaramin maganaɗisu a hura shi da filasma ya kumbura, ya sa masa suna M2P2, wato tuƙi da filasma da ƙaramar laimar maganaɗisu irin ta duniya. An gwada a ɗakin gwaji, wasu masana suka sake lissafin daga baya suka ce akwai lissafin dokin Rano a ciki, kuma har yau ba a tuƙa ko jirgi ɗaya da ita a sama ba.

Ka san me ya sa dole ta yi wannan girman? Don iskar ranar ba ta da ƙarfi ne. A nisan da duniyarmu take, in ka ɗauki ɗan akwati mai santimita 1 kowane gefe, wanda bai kai dunƙulen magi ba, ƙwayoyi biyar zuwa goma kacal za ka samu a ciki. Madubi mai faɗin kilomita 1 kowane gefe, turin da haske ke masa ya kusa nauyin kilo ɗaya. Iskar rana a kan fili mai wannan girman, turinta bai wuce nauyin ƙwayar shinkafa goma ba. To ka ga abin da aka ƙera don kama ƙwayar shinkafa goma shi kake so ka ɗora wa dakon hasken rana.

Yanzu tambayar Baba, wadda ita ce gundarin maganar. Gaskiya ne rediyo da haske abu ɗaya ne, bambancinsu saurin kaɗawa. Yadda nake gaya wa ɗalibaina shi ne su ɗauki ilektiron ɗin da ke yawo cikin filasma kamar 'yan rawa, igiyar da ta shigo kuma kiɗa ce. In kiɗan a hankali yake suna bin sa taku da taku, wannan bin da suke yi shi ke lanƙwasa igiyar ko ya maido da ita baya gaba ɗaya. In makaɗin ya zuba sauri fiye da ƙafarsu sai su tsaya suna kallo, kiɗan ya ratsa su ya wuce kamar ba kowa a filin. Iyakar saurin da za su iya bi ya danganta ne da cunkosonsu. Rufin da Baba ya faɗa sunansa ayonosfiya, inda ya fi kauri yana wajen kilomita 300 a sama, akwai ilektiron kamar miliyan 1 a cikin ɗan akwatin nan namu, iyakarsu kusan megahaz 9, wato kaɗawa sau miliyan 9 a sakan ɗaya. Gajeren zango yana nan kusa da wannan iyakar, in ya zo a karkace har wanda ya ɗara haka ma yana dawowa. FM tana tsakanin 88 da 108, ta fi ƙarfinsu, sai ta huda ta tafi abinta. Koren haske kuwa kusan megahaz miliyan 600 ne. Abin haushin ma shi ne in kana son ninka iyakar sau 10 sai ka ninka cunkoson sau 100. In ka bi lissafin har ƙarshe, kafin filasma ta maido da hasken da ido ke gani sai an samu ilektiron 4 da sifili 21 a bayansa a cikin akwatin. Iskar da muke shaƙa ma ba ta kai haka cunkoso ba, sai an ninka ta sama da sau 100.

In lissafi ya gundure ka, ga hujjar da ba ta son biro. Duniyar nan da muke kai ita kanta laimar maganaɗisu ce, irin wadda Winglee ya so ya kwaikwaya, har sunan da ya sa ma daga nan ya samo. Maganaɗisun duniya yana tare iskar rana tun daga nisan kusan kilomita 60,000 ta ɓangaren da ke fuskantar rana, cikinsa kuma akwai filasma. Duk hasken da ya taɓa sauka kan fanel ɗinka ta cikin wannan laimar ya biyo, ya kuma ratsa rufin Baba. Ka taɓa ganin ta tara shi a kan wata unguwa ta bar wata? Inuwarka da azahar tana nan inda ya kamata ta kasance.

Wani abu da ke ba ni sha'awa, filasmar da kake nema mai cunkoson da zai maido da haske tana ɗakin matarka a rataye. A cikin ƙarfe irin alminiyom da azurfa akwai ilektiron da ke yawo sakaka ba su da uban gida, cunkosonsu ya haura 1 da sifili 22, ya wuce iyakar da na faɗa, shi ya sa ƙarfen da aka goge yake ƙyalli, shi ya sa madubi yake madubi. Kuma wannan ba ta neman a hura ta ko a riƙe ta da maganaɗisu, tana zaune lafiya a bayan gilashi.

Ɗan_Sola_Gangare:

Kai Malama Allah ya saka da alheri, Baba na gode ƙwarai Allah ya ƙara nisan kwana. Maganar madubin nan ta kashe min jiki. Amma ku yi haƙuri da taurin kaina, ni ban ce ta maido da hasken baya ba ai. Gilashin da na ƙona wando da shi ba maido da haske yake ba, ɗan karkata shi yake kaɗan. To a sama ai fili ba ya ƙarewa, ko da karkatarwar ƙanƙanuwa ce kamar gashin kai, in aka ja laimar can nesa sosai ai dole wata rana layukan su haɗu wuri ɗaya ko? Sannu ba ta hana zuwa. A ina wannan tunanin ya karye?

Abba ka fara biyan kuɗin cajin da ake bin ka tukuna.

Safiyo_Lugbe:

Ɗan'uwa tambayar nan ta biyu ta fi ta farko, ita ce ta sa na ajiye abinci na ɗauko kalkuleta. Ni ɗan Unguwar Rogo ne amma aiki ya kawo ni Abuja, awon filaye nake, kullum sai na wuce ta gaban hedikwatar NASRDA, hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, a hanyar filin jirgi, ba wai a can nake aiki ba kar wani ya turo min takardar neman aiki.

Da farko in tabbatar da maganar Malama daga wajen sana'ata. Filasmar sama gaskiya tana taɓa igiyar rediyo, mu muke shan wahalarta. Saƙon GPS da ke saukowa a megahaz 1575 yana ɗan makara a cikin ayonosfiya, wannan makarar kaɗai na iya jefar da kai mita da dama daga inda kake, shi ya sa na'urorinmu masu tsada suke sauraren zango biyu su cire kuskuren. Kuma mu a Najeriya abin ya fi damunmu don layin tsakiyar maganaɗisun duniya ta ƙasarmu ya ratsa, bayan magariba rufin yakan yi ƙuraje, wani lokaci ina tsaye a fili na'ura ta rasa taurarin ɗan'adam na GPS gaba ɗaya musamman wajen Maris da Oktoba. Amma a daidai wannan lokacin in na ɗaga kai, taurarin Allah suna nan daram inda suke, ko gezau.

Yanzu inda tunaninka ya karye. Rana ba ɗigo ba ce, faifai ce mai faɗi, kusan rabin digiri a sama. Haske daga gefenta na dama da na hagu ba hanya ɗaya suke zuwa ba, don haka duk abin da ka tara shi da shi, gilashi ne ko madubi ko filasma, abin da zai sauka ƙasa hoton rana ne, kuma hoton yana ƙara faɗi da nisa. Ƙa'idar mai sauƙi ce, ka raba nisan da 108. Ka shiga ɗakin da ba silin, wanda kwanonsa ke da hudar ƙusa, da tsakar rana za ka ga ɗan da'irar haske a ƙasa. Hudar ƙanƙanuwa ce amma in rufin ya kai mita 3 da'irar za ta kai kusan santimita 3, kuma ko hudar mai kusurwa ce da'irar a zagaye take fitowa, don hoton rana ne kake gani ba hoton huda ba. To ka ɗaga rufin zuwa kilomita 400, da'irar ta kusa kilomita 4. Rasha sun gwada wannan a Fabrairun 1993 da wani madubi mai faɗin mita 20 da suka kira Znamya 2, hasken da ya sauka a Turai faɗinsa kusan kilomita 5 ne, ƙarfinsa kamar na farin wata daren sha huɗu, ga shi yana gudu bai tsaya kan kowa ba. Na biyun da suka gwada a 1999 ma maƙalewa ya yi a jikin eriya ya yage. In kuma kana son abin ya tsaya cak a saman Heipang dole ka kai shi kusan kilomita 36,000 inda taurarin talabijin suke, can kuwa da'irar ta haura kilomita 330, ta fi nisan Jos zuwa Abuja. Ka ɗebo hasken kilomita 20 ka watsa a kan kilomita 330, wannan ai ba tarawa ba ce, barbaɗa gishiri ne a kogi.

Saboda haka ja da baya ba ya taimakonka, cutar ka yake. Laima mai faɗin kilomita 20 in har za ta ƙara wa wuri haske ko kaɗan, dole ta haɗa layukan kafin a yi kilomita 2,000 da 'yan kai, wato sai ta karkata hasken gefenta da kusan rubu'in digiri. Na buga lissafi sama-sama, kar a kama ni da ƙananan lambobi. Don samun wannan karkatar kana bukatar filasma mai cunkoso kamar na iskar da muke shaƙa ko ya ɗara, cike da ƙwallo mai faɗin kilomita 20. Ko da haidurojin ka yi, wanda ya fi komai rashin nauyi, ana maganar tan miliyan ɗari biyu da wani abu. Ga zafi, don sai ta haura digiri 10,000 kafin ta zauna a filasma, a wannan zafin tana tunkuɗa waje da ƙarfin da ya ninka iskar tayar mota kusan sau 50, maganaɗisun da zai riƙe ta sai ya fi na injin MRI na asibiti ƙarfi, ba a ɗaki ɗaya ba, a faɗin gari guda. Kuma tana zubar da zafin nan ta hanyar ƙyalli dare da rana, sai ka yi ta ciyar da ita wuta fiye da wadda kake fatan samu. Ledar IKAROS kuwa kusan giram 10 ce a kowace murabba'in mita, in ka shimfiɗa irinta faɗin kilomita 20 tan 3,000 da ɗoriya ne. Shi ma ba wasa ba ne amma ka ga tazarar.

Saura ɗaya mai ban dariya. Filasma a juye take aiki. Gilashi mai tudu a tsakiya tara haske yake, filasma mai kauri a tsakiya watsa shi take. Laimar da ake magana kuwa a jikin jirgin ake hura ta, nan ne ta fi kauri tana sirancewa zuwa gefe. Wato ɗan abin da za ta yi wa hasken ma, wanda ba na'urar da za ta damu da shi, watsawa ne. Sai ka san yadda za ka yi ta koma kamar zobe, gefe da kauri tsakiya fayau, sannan kuma jan haske ya fi shuɗi karkata nesa ba kusa ba, kowace kala da inda za ta sauka.

Kuma oga, ko duk an warware wannan, hadarin Agustan da ya sa ka fara tunanin yana nan a ƙasan laimar yana jiran ta.

Mai_Walda_Dilimi:

Ni ban yi boko mai nisa ba amma abin da Baba da Malama suka faɗa na gan shi a wajen aiki ban san sunansa ba sai yau. Wutar da ke tashi tsakanin sandar walda da ƙarfe ashe ita ce filasmar. In kana aiki da injin DC a kan ƙarfen da ya riga ya kama maganaɗisu, musamman bututu ko kusa da ƙarshen ƙarfe, wutar sai ta riƙa kaucewa gefe kamar ana hura ta, ɗinkin ya fito da ramuka, ka yi ta zagin sanda alhali ba laifinta, sai ka matsar da wayar as ko ka koma AC sannan ta daidaita. To wutar tana kaucewa, amma hasken da take fitarwa ba ya kaucewa ko'ina, kai tsaye yake zuwa idonka, duk wanda ya kwana yana ɗiga ruwan albasa da kuka don ya kalli walda ba gilashi ya san wannan. Kuma maganar Safiyo ta ci wuta gaskiya ce, ɗan tsinken wutar da bai kai rabin yatsa ba sai janareto ya canza murya. A ce kilomita 20, tab.

Kar wani ya sa albasa a ido don na faɗa fa, jahilci ne na yarinta, a je asibiti.

Malama_Fizis_Bukuru:

Malam Safiyo ka gama magana, hudar ƙusar nan na sace ta ita ma.

Don kar ƙanena ya tafi da hannu biyu babu komai, akwai abin da ke lanƙwasa haske a sama ba tare da gilashi ba, amma ba maganaɗisu ba ne, nauyi ne. Ita ranar da kanta tana karkata hasken taurarin da ke bayanta, kamar yadda Einstein ya lissafa. Kuma nan maƙwabtanmu na cikin wuraren da aka fara aunawa, tsibirin Principe da ke tekun Gini kudu da mu, ranar 29 ga Mayu 1919 da aka yi husufin rana, Arthur Eddington ya je can ya ɗauki hotuna. Karkatar ƙanƙanuwa ce ƙwarai, shi ya sa layukan ba sa haɗuwa sai a nisan da ya ninka tsakaninmu da rana sau 550. Jirgin sararin samaniya Voyager 1 da aka harba tun 1977 har yau bai ci sulusin wannan hanyar ba. Kuma hasken wasu taurari ake tarawa a can, ba na ranarmu ba, amfaninsa hangen nesa ne ba cajin batir ba.

Filasma kuma a wajen rediyo gilashi ce ta gaske, masu nazarin taurari tun 1987 suke ganin wasu gizagizan filasma a tsakanin taurari suna ƙara wa saƙon rediyo ƙarfi su rage shi na tsawon makonni. Da rediyo ka ce za ka tara da laimar, da sai mu ja kujera mu zauna.

Tara hasken rana kuwa da madubi ake yinsa a ƙasa tun tuni. A Odeillo ta Faransa akwai tanderun rana da ke haura digiri 3,000, a Warzazat ta Maroko akwai tashar Noor mai dubban madubai da ke haska kan hasumiya. Iyakar da ba mai ƙetarewa ita ce zafin fuskar ranar kanta, kusan digiri 5,500. Sai dai duk irin waɗannan rana tsirara suke so, da hadari ya rufe sun zama kayan ado, gara ma fanel ɗinka yana ɗan tsintar wani abu a cikin hazo.

Ɗan_Sola_Gangare:

Jama'a rana ta ɗan leƙo yau wajen ƙarfe ɗaya saura, na bar kwastoma a tsaye na ruga shagon maƙwabcina mai gawayi don shi ne kwanonsa ya fi kowa huda. Daga hudar zuwa ƙasa tef ya nuna mita 2 da santimita 70, da'irar kuma santimita biyu da rabi da ɗan ɗigo. Oga Safiyo lissafinka ya fita. Mai gawayi yana ta kallona ina durƙushe da tef a cikin baƙin ƙasa, ya ce lafiya, na ce rana nake aunawa, ya ce Allah ya ba ka lafiya.

Hajiyar Rikkos kuma na je na duba, ashe ban da hadarin har da jikokinta da suka zo hutu suke jona dutsen guga, na ƙara mata fanel biyu na gyara kwanciyar sauran. Baba in kuna shago ranar Asabar zan biyo da yarana biyu su ga gwajin mayen ƙarfen, akwai talabijin mai ƙusumbin da ta rage ko duk 'yan gwangwan sun kwashe?

Baba_Mai_Rediyo:

Akwai guda ɗaya a ƙarƙashin benci, National ce, tana kamawa in an ɗan bubbuga ta. Ka zo bayan la'asar, ka taho da mitarka ka duba min batirin shago, shi ma tun shekaranjiya yake kuka.